Saniyar Haske da Galas ɗin Kumandan

Zamanin soji aka kawo wa Filinge wani kumandan mai son sanyi. Ya zo da firigo, akwatin sanyi mai cin kananzir, kuma a cikinsa aka fara daskarar da madara da sukari a ƙasar Kurfai, abin da 'yan lakwal, wato 'yan boko, ke kira galas. Wasu sun ce Turawa daga ƙanƙarar damina suka koyo shi, wasu sun ce aljanun rijiya suka koya musu. Ba a tantance ba.

Madarar kuwa ta saniyar Haske ce, wata gwauruwa da ba ta da komai sai wannan saniya ja. Kowace safiya takan kai ƙwarya gidan kumandan, ta miƙa wa kukunsa Sahabi, wanda taubashinta ne.

Wata rana Sahabi ya ɗebo mata galas ɗin a cokali. Ta sa a baki, haƙoranta suka amsa.

“Mi ne ne wanga?”

“Nonon saniyarki ne, baƙauya. Ya zo birni ya waye.”

Haske ba ta yi dariya ba. A gidansu an san abin da aka yi wa madara shi hantsa ke ji. Ko ɗigo ne ya faɗa wuta, sai nonon saniya ya tsage. To ina ga an mai da madara dutse? Hantsa za ta sandare, saniya ta ƙafe.

“Gobe ba ni kawowa,” in ji ta.

“Sai ki shiga ki gaya mishi da bakinki. Ga shi can, da bindiga.”

Ta leƙa, ta fasa. Ta koma gida ta yi ta shafa hantsar saniya ko za ta ji sanyi. Ta ɗaura mata tsohon zane, ta hura mata wuta kusa, maƙwabta na kallo ta kan darni. Da safe madarar ta ragu, ko kuwa idonta ne ya ga haka.

Sai ta tuna yadda kakarta ke yi in za a kai nono wani baƙon gari: takan ba saniya ta sansana ƙwaryar, don kada a yi abu a bayan idonta. Haske ta jawo saniyar har ƙofar madafar kumandan.

“Ɗebo mata,” ta ce wa Sahabi.

“Wa? Galas ɗin kumandan zan ba dabba?”

“Nata ne kahin ya zama nashi. Ɗebo, ɓarawon miya.”

Sahabi ya waiga hagu da dama, ya cika ludayi. Saniya ta sansana, ta ja da baya, ta yi atishawa. Can ta miƙo harshe ta lashe tas, ta bi hannunsa tana neman ƙari.

Haske ta tsuguna nan ƙofar madafar ta kama tatsa. Madara ta zubo da ɗumi har ƙwarya ta yi kumfa. Ta kwance zanen daga jikin saniyar, ta yafa a kafaɗa.

“Gobe ma ka aje mata nata,” ta ce.