Inda Solange Take

Shekara arba'in da ɗaya muna tare da mijina Désiré, kuma duk watan Satumba, ranar da teku ke janyewa can nesa, sai ya shiga mota ya tafi ƙauyensu. Yana sa tuffa ɗaya a aljihu, ya dawo babu ita. Yayarsa Solange ce a can. Tana da shekara tara ta taka nakiya a yashi, bayan yaƙin duniya da 'yan watanni, suna tonon ƙumba ita da ƙawarta. Ba a sami abin binnewa ba.

Ban taɓa binsa ba. Nakan ce ƙafata ba ta son sanyi. Da ya mutu na gane ban san wurin ba, kuma duk duniya mutum ɗaya ce ta rage da ta sani, wato ƙawar nan, Léontine.

Na same ta a ƙofar gidanta tana sa takalmin roba.

"Sai yau, 'yar tudu? Sai da ya mutu ƙafar ta warke?"

"Yaya Léontine, ki yi haƙuri. Ki nuna min kawai."

"Ina tuffar? Kai, wannan ta kanti ce. To, ba komai, yarinyar ba ta da tsirfa."

Muka sauka bakin teku. Masu yawon buɗe ido na ta ɗaukar hoto a jikin ƙarafan da sojoji suka bari. Muka wuce su, muka yi ta tafiya har muryoyinsu suka ɓace.

Mutanen ƙauyen nan ba sa kafa alama a yashi, ruwa zai kwashe. Juyawa suke yi su dubi tudu. Léontine ta ce idan hasumiyar coci ta hau daidai kan ɗakin simintin da Jamusawa suka gina a bakin gaɓa, to kana bisa layin wurin. Ta juya ta duba. Ta matsa hagu, ta dawo dama.

"Ɗakin ya zame," in ji ta.

Na duba. Gaɓar ta zube, ɗakin ya gangaro ƙasa ya kwanta a karkace.

"Yaushe?"

"Ina na sani? Ni rabona da saukowa nan tun ranar da abin ya faru. Daga taga nake kallon mijinki."

Can nesa ruwa ya fara juyowa, wani farin zare siriri.

"Mu koma, Huguette. Ruwan nan ya fi ki sauri, balle ni."

"Mu ɗan ƙara gaba."

"Ke da taurin kai. Shi ya sa ya aure ki."

Muka ƙara. Ba mu yi nisa ba ta tsaya cak. Na ja hannunta, ta ƙi motsi. Babu dutse a wurin, babu rami, yashi ne kamar ko'ina.

"A nan na tsuguna," ta ce a hankali. "Takalmina ya cire. Na ce wa Solange, ki jira ni. Ta ce ke kullum a baya."

"Ta yi nisa?"

"Ina jin dariyarta."

Ban tambaye ta ko a lokacin take nufi ko yanzu ba. Na saki hannunta na yi gaba ni kaɗai, ina juyowa. Da na kai inda nake ganin muryar yarinya za ta iya kaiwa, na dube ta. Ta ɗaga hannu, ta yi min alama in ƙara taku biyu. Na ƙara. Ta sauke hannun.

Na yi rami da yatsuna na sa tuffar. Kafin in miƙe ruwa ya zo idon sawuna.

Léontine ta rasu cikin Fabrairu. A ranar nan, kafin mu bar wurin na juya na dubi tudu yadda suke yi. Hasumiyar coci tana bisa rufin gida na uku daga gangaren jiragen ruwa, mai koren taga, tankin ruwan gari kuma yana ɓoye rabinsa bayan dogon bishiyar makabarta. Na rubuta ne don 'yarmu. Ba ta taɓa tambaya ba tukuna.