Kwamfutar Mai Fenti

"Sake dannawa," in ji Mai Fenti.

Tela ta sake dannawa. Ɗan zoben da ke tsakiyar allon kwamfutar ya ci gaba da juyawa kamar akuya a turke, babu hoto babu dalilinsa.

Ita mai ɗinkin kayan mata ce, shagonta na manne da na Mai Fenti a bakin babban titi, kowa a layin Tela yake ce mata. Tun da ciwon mantuwa ya kama mahaifinta take zuwa da shi shago, ta zaunar da shi a kujerar roba inda idonta zai riƙa kaiwa. Yau wata mai kaya ta tsare ta da mita a kan wuyan riga. Ko da ta ɗago, sai kujera da takalminsa ƙafa ɗaya.

Ta zaga layin, ta bi lungun bayan shaguna tana kira, ta leƙa har kwalbatin da ruwan jiya ya cika. Masu babur suka bazu nema. Ba wanda ya ga Baba. Can sai Mai Fenti ya tuna da kyamarorin da ya taɓa sa aka kafa masa, waɗanda ke haɗe da wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin kantar shagonsa. Shi iyakar saninsa da ita kallon kokawa.

Wani jan rubutu ya faɗo a allon. Tela ta kira ƙanwarta a waya, autarsu, mai aikin ofis, ta karanto mata shi a daddafe.

"Cikinta ne ya cika, Yaya," in ji Auta. "Ba ta da wurin buɗe hoton. Sai an rage mata kaya. Kin gaya wa Babban Yaya?"

"Kada ki kuskura."

Babban wansu ya sha cewa a riƙa kulle Baba a ɗaki, ita ce ta ce ba za a mayar da mahaifinta kaza ba.

Auta ta riƙa yi mata jagora ta waya. Kowace dannawa sai kwamfutar ta yi dogon tunani, fankarta na gurnani kamar tsohon injin niƙa. Daga ƙarshe jakunkunan ajiya suka jeru.

"Duk wadda kika ga sunanta lambobi ne zalla, ta kyamara ce," in ji Auta. "Ko da wasa kada ki taɓa. In kika goge ta, kin goge Baba."

Tela ta kai hannu ga linzamin kwamfutar, abin da ake dannawa da shi. Ita da ke zura zare a allura ba tare da ta duba ba, yau ɗan linzamin nan ya gagare ta riƙewa.

Sai ga wani mai babur ya leƙo yana haki. "An ce mota ta kaɗe wani dattijo wajen gidan mai, an wuce da shi asibiti."

"Wane irin kaya ne a jikinsa?"

"Wallahi ban gani ba, ji na yi."

Ta miƙe za ta fita. Mai Fenti ya tare ƙofa.

"Zauna, maƙwabciya. Kai, garzaya asibitin ka gano mana. Gidan mai hagu yake. In hoton nan ya nuna dama Baba ya yi, kin ga ba shi ba ne. In kika tafi, wa zai lallaɓa wannan tsohuwar? Ni?"

Ta koma ta zauna. Suka fara da goge bidiyon kokawa. Ƙattin da Mai Fenti ya yi shekaru yana tarawa suka riƙa ɓacewa, yana tsaye yana kallo. Jan layin da ke nuna cikar kwamfutar bai ko gusa ba.

"Nemo wadda ta fi kowacce nauyi," in ji Auta.

Tela ta nemo. Sunan jakar "Biki".

"Na 'yata ne, ta fari," in ji Mai Fenti a hankali.

"Akwai shi a wani wurin?"

"Mai ɗaukar hoton ya daɗe da barin gari." Ya shafa gemu, ya dubi titi. "Goge."

"Haba, maƙwabci."

"Goge, na ce. Amaryar tana nan da ranta, har da goyo. In ina son ganinta na san hanyar gidanta."

Ta goge, hawaye na ɗiga a kan madannai. Jan layin na nan inda yake.

"Auta, bai ragu ba! Na goge wa bawan Allah bikin 'yarsa a banza!"

"Kin zubar da kwandon shara? Duk abin da kika goge can yake taruwa. Shara ce kika tara a bayan ƙofa, ba ki fitar ba."

Kwamfutar ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta bi sunayen da yatsa har ƙasa, tana neman ko wata mai lambobi ta faɗa ciki bisa kuskure. Ba ta gani ba, ba ta kuma yarda da idonta ba. Ta yi bisimilla ta danna.

Allon ya daskare. Linzamin ya ƙi motsi. A titi wata babbar mota ta taka birki da ƙara, Tela ta toshe kunnuwa. Tana nan a haka fankar ta sassauta, jan layin ya ja baya ya koma shuɗi.

Ta buɗe hoton ƙarshe. Ga ƙofar shagonta, ga kujerar roba, ga Baba a zaune yana yi wa wani mai wucewa dariya.

"Ga shi! Ga shi nan!"

Mai Fenti ya sunkuyo. Ya ɗora yatsa a gefen allon, kan wata bishiya mai inuwa.

"Maƙwabciya, wannan bishiyar ai tun bara aka sare ta."

Tun ranar da cikinta ya cika kwamfutar ta daina ɗauka, ba wanda ya sani. Tela ta ji wayar ta zame daga kafaɗarta. Muryar Auta na ta kira daga ƙasa, "Yaya? Yaya?"

Ta kai hannu za ta rufe hoton, sai allon ya rabu gida-gida, kowane gida da abin da kyamararsa ke gani a yanzu. Titi. Kantar shago, da ƙeyarta a ciki. Sai wani ɗaki mai duhu cike da bokitan fenti.

"Ina ne nan?"

"Sito ne, a baya. Da safe aka sauke kaya, ƙila ba a ja ƙofar..."

Wani abu fari ya motsa a tsakanin bokitan.

Ba ta san lokacin da ta zaga lungun ba. Ƙofar siton a saye take, ɗazu ta wuce ta tana kira. Baba na tsugune a can ƙurya, ƙafa ɗaya ba takalmi, yana leƙa bayan kwalaye. Rigarsa ta jiƙe da gumi.

"Baba."

Ya waiwayo, ya dube ta irin kallon da ake yi wa baƙo.

"Baiwar Allah, don Allah ko kin ga 'yata? 'Yar ƙarama ce, ga tsayinta." Ya nuna daidai gwiwarsa. "Yanzun nan na juya ban gan ta ba. Ga motoci a titi. Uwarta ba za ta yafe mini ba."

Tela ta goge fuska da gefen mayafi. Ta cire takalmanta ta ajiye a gabansa.

"Na gan ta, Baba. Lafiyarta ƙalau, tana shago tana jiranka. Sa waɗannan mu je."