Farin Layi a Wuyan Matuƙa

Shekara goma sha tara Usmanu, mutumin Damagaram, ya yi yana saka wa hotuna barwaz, wato katako da gilashi, a wani shago a unguwar Sultana, cikin birnin Manzo. Yawancin aikinsa ayoyi ne da hoton koren ƙubbar masallacin Annabi. In an kawo hoton mai rai kuwa, ya san abin da tsofaffin masu zuwa shagon ke so: a ja siririn farin layi a wuya, a raba kai da jiki, don kada hoton ya hana mala'iku shiga gida. Ya saba har ya daina tambaya.

A watan nan saura mako biyu iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare. Kafilinsa Zainulabideen, mai shagon kuma mai tsaya masa a takardun zama, ya fara ƙunƙunin cewa tsohon ya yi sanyin hannu. Ƙiris yake jira ya ƙi sabuntawa.

Ranar Lahadi Daktora Suhaila ta shigo. Jikar Kanawa ce, haifaffiyar unguwar Al-Sih a nan garin, tana koyar da tarihi. Ta warware wata tsohuwar takarda mai zane a kan tebur. Ammi take ce masa, wato baffa.

"Ammi Usmanu, a hankali don Allah, Allah yikhallik. Yaƙin 'yan Holan da Sifaniyawa ne a teku, shekara kusan ɗari huɗu. Daga Holan na taho da shi ranar da na gama karatu."

Jiragen katako sun cakuɗe, hayaƙin igwa ya turnuƙe sama, ɗaya yana ci da wuta. A ƙasa matuƙa ne birjik cikin ruwa, kowanne bai fi ƙwallon dabino ba.

Da ta tafi, Usmanu ya gyara tabarau ya ɗauko farin alƙalaminsa. Wuni guda ya yi a duƙe yana bin wuyansu ɗaya bayan ɗaya. Tsakani da Allah ɓarna ce, kuma irin wadda ba ta gyaruwa. Amma alheri ya nufa, shi ya sa ya zama abin tausayi.

Ranar Alhamis ta dawo. Ya ajiye mata barwaz ɗin yana murmushi, yana jiran yabo. Ta sunkuya ta duba, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ammi, esh hada? Me ka yi?"

"Na gyara miki ne, ɗiyata, don ki rataya a ɗaki hankali kwance."

Sai da ya ga ƙwalla a idonta ya gane. Zainulabideen yana can ƙuryar shago yana waya, amma idonsa na kansu.

Ta sa yatsa a gefen hoton, inda wani matuƙi ya leƙo daga kwale-kwale, riƙe da hannun wani. "Waɗannan biyun fa? Ba ka taɓa su ba."

"Duba kayansu, ba iri ɗaya ba ne. Abokin gabansa ne yake jawowa daga ruwa. Na ɗora alƙalami sau uku, na kasa."

Shekara shida hoton yana wurinta, ba ta taɓa lura da su ba.

Zainulabideen ya kashe waya ya matso, yana hararar tsohon. "Fi mushkila, ya Daktora? Da matsala ne?"

Ta dubi Usmanu, wanda ya ɓoye hannuwansa a bayansa. Ta share ido da gefen mayafinta, ta rungumi barwaz ɗin.

"Mafi mushkila, babu matsala," in ji ta. "Ni na ce ya yi haka."