Ɗaurin da Alhaji Namadi Ya Zo da Shi daga Mina

Alhaji Namadi ya karye a Mina wajen aikin Hajji, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a. Likitocin can suka naɗe masa ƙafa da wani abu shuɗi mai tauri, daga gwiwa zuwa yatsu. Tafinta ya gaya masa watan da za a cire. Ya dawo garinsu Dauran da shi.

Watan ya zo ya wuce. Damina ta kawo kai, ƙafar ta fara wari.

Matarsa Balaraba ta san filasta, an taɓa yi wa ƙanenta. Ta cika daro da ruwan ɗumi, Alhaji ya tsoma ƙafa tun hantsi har la'asar. Yatsu suka yamushe, ɗaurin ko laushi bai yi ba.

Washegari aka kira Shu'aibu maɗori. Ya ƙwanƙwasa, ya gwada wuƙa.

"Alhaji, wanga tuhwa ne ko dutse?"

"Kai aka kira ka hwaɗi."

"Ga saƙa ina gani kamar gwado, ga wuƙata ta dakushe. Ni kara da tsumma na sani."

Dauda mai kemis ya leƙo, ya ce faiba ne: zaren gilashi ake saƙawa a jiƙa da danƙo. Da shi ake yin tankin ruwa da gaban motar safa.

"Gilashi?" in ji Balaraba. "To a kawo taɓarya a hwasa shi mana."

"Ba ya fashewa, Inna."

"Gilashin da ba ya hwashewa, tuhwar da ba ta jiƙa. Dauda, ka dai ce ba ka sani ba."

Dauda ya ce da zarton lantarki ake yanka shi, ƙila a samu a Gusau, ƙila sai Sakkwato. Wasu suka ce a bar shi, daga ƙasa mai tsarki ya zo. Wasu suka ce in warin ya kai ƙashi, ƙafar za a yanke.

Alhaji ya aika a kira Sirajo maƙeri. Sirajo ya zura siririn ƙarfe tsakanin fata da ɗaurin, ya ɗauko zarto.

"A hankali, Sirajo. Ƙahwar nan ba ta yi sata ba."

"Kwanta, Alhaji. Ba alƙali ya aiko ni ba."

Garin ɗaurin ya riƙa zuba. Duk wanda ya matso sai ya kama susar hannu da wuya. Balaraba ta ce cutar ta fara kama mutane. Shu'aibu ya ja baya yana addu'a. Dauda ya ce ƙurar ce kawai, amma shi ma susa yake, ba wanda ya saurare shi.

Kafin magariba ɗaurin ya buɗe. Ƙafar ta fito siririya, furu-furu, da ɗan gyambo a diddige. Alhaji ya jera ta da ɗayar, ya daɗe yana kallo.

"Wagga ba ita na tahi da ita ba."

Shu'aibu ya latsa ƙaurin, ya ce ƙashi ya haɗe. Dauda ya ce sai an yi hoto. Alhaji ya dafa kafaɗar Sirajo ya miƙe, ya taka. Ta ɗauke shi. Ya sake takawa a hankali, kamar ta aro ce.