Wa Ake Gwadawa?

Ƙanwar Dogo ta zaunar da shi gaban kwamfuta a ofishinsu na jami'a.

"Yaya, nemo inda ɗalibi zai nemi ɗakin kwana. Shafin muke gwadawa, ba kai ba."

Dogo bai yarda ba. To me ogan nata da ke zaune a gefe yake rubutawa duk sanda ya latsa ba daidai ba? Sun san bai gama makaranta ba, dariya suke nema. Ya yi ta lalube har gumi ya keto masa, bai gano ba.

"Da wuya?" in ji ogan.

"Wuya? Ko yaro zai gane!"

Ƙanwar ta dafe kai. Dama ta kawo shi ne don oga ya yarda shafin yana rikita mutane.