Tagar Baba Zelig

"Ja ta wajenki, Yelwa, ki kula da robar iskar numfashin nan," in ji maigidana Zailani. Gadon Baba Zelig muke turawa zuwa bakin taga, mai gadon kuwa yana kwance yana ba mu umarni da 'yar muryar da ta rage masa.

"Ku juya ni ta dama. Ta nan na fi kyau."

Baba Zelig maƙwabcinmu ne, Bayahude, tsohon tela. Flat ɗinsa na ƙasa, namu na sama, a wani layi bayan kasuwar Whitechapel. Ba mata, ba ɗa. Tun da muka tare nake sauko masa da kunun gyaɗa, shi kuma yana rage wa Zailani tsawon wando yana kushe ɗinkin Kano. Da safen ranar nas ta ja ni gefe ta ce da wuya ya kai yamma. Abu ɗaya ya roƙa: a kira masa Mista Kagan, amininsa tun suna yara, ya zo ya sa masa albarka kafin ya tafi.

Mista Kagan ya zo kam, amma ya toge a bakin titi cikin yayyafi ya ƙi shigowa. Ni fa raina ya ɓaci. Mutumin da kullum yana ɗakin nan suna karta suna musu har su hana mu barcin rana, yau ƙofar ce ta zame masa dodo? Na fita ko mayafi ban gyara ba.

"Haba Mista Kagan. Abokinka na kiran sunanka, kai kana nan kana kallon ƙofa? A shekarunka kake tsoron mutuwa?"

"Ba tsoro ba ne, Maman Zahra," ya ce. "Ni daga zuriyar Haruna nake, wanda kuke kira Annabi Haruna. Gidanmu ne ke hidimar babban ɗakin ibada a zamanin da. An hana mu zama ƙarƙashin rufi ɗaya da gawa, ko da wanda ake jiran fitar ransa, sai dai in iyaye ne, ko mata, ko 'ya'ya, ko 'yan'uwa na jini. Aboki ba ya ciki."

"To ina ɗakin ibadar yake yanzu?"

"An rushe shi tuntuni. Dokar ce ba a rushe ba."

Na ce to ya matso rumfar ƙofa ya fake wa ruwa. Ya girgiza kai, wai ita ma rufin gidan ce. Ni da ba na yarda in tada salla da ɗigon najasa a zanina, ina ni ina yi wa wani faɗa a kan tsarkinsa. Tausayinsa ya kama ni sosai. Shi ne na koma ciki na ce wa Zailani mu kai gadon bakin taga.

Tagar kuma ta ce ba ta san zancen ba. Masu fenti sun liƙe ta tun bara. Zailani ya ɗauko wuƙar kicin yana bin gefenta yana gumi, numfashin Baba Zelig yana ta yin nisa, Mista Kagan yana can waje yana leƙe ta gilashin da ya yi raɓa. Ina ta salati a zuci kada mu makara. Can Zailani ya sa kafaɗa ya yi bismilla, tagar ta ɗaga sama da ƙara, iska mai sanyi ta shigo.

"Kagan, ka jiƙe," in ji Baba Zelig.

"Kai ka jawo. Da ka bari sai bazara."

Mista Kagan ya ce yana bukatar ruwan wanke hannu. Na hau sama na ciko butar alwalata, na fita na zuba masa har wuyan hannu. Ya tuɓe takalmansa a kan jiƙaƙƙen daɓen titi, ya zaro wani farin mayafi mai baƙaƙen layuka daga jaka ya lulluɓe kansa, ya ɗaga hannuwa ta wajen taga. Ya ja addu'ar da harshensu a hankali. Ban gane ko kalma ɗaya ba sai ta ƙarshe. Da Baba Zelig ya ce amin, ni da Zailani da nas muka taya shi.

Baba Zelig ya ɗago kai da ƙyar ya leƙa ƙasa.

"Safarka ta huje. Jikan Haruna guda."

"To tashi ka ɗinke mini."

Wallahi har nas sai da ta riƙe ciki. Baba Zelig ya yi dariya har ta koma tari, ya huta, ya sake wata. Haka suka ci gaba, ɗaya a gado ɗaya a titi, suna musun wanda ya cuci wani a karta. Ban taɓa jin daɗin zaman jinya irin na ranar ba. Wajen la'asar Baba Zelig ya yi shiru a tsakiyar magana, bakinsa bai gama rufe murmushin ba.

Zailani ya leƙa ya gyaɗa wa Mista Kagan kai. Tsohon ya ɗauki takalmansa ya tsallaka titi. Na kai masa kujera da shayi, ya karɓi shayin ya bar kujerar, yana tsaye har mutanensu masu kula da gawa suka iso da mota.

Da motar ta tashi, sai ya bi ta daga can tsallaken, yana dogara sanda, ba ya matsowa kuma ba ya tsayawa. Direban ya hango shi ta madubi, ya rage gudu.