Keken Malam Ɗan'azumi

Shekara uku Malam Ɗan'azumi na Maruta yana kwance a ɗaki, tun ranar da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ciwon ya haɗa har da bakin. Kalma ɗaya tal ta rage masa, ita ce "To." Ka gaishe shi, to. Ka ce masa akuya ta shiga rumbu, to. Amma hankalinsa garau yake, kuma matarsa Inna Mairama ta fi kowa sani, don duk Juma'a in ya ji ladan sai ya juya fuska bango, ya ƙi abinci har la'asar. Mutumin da a da ba a raba shi da sahun gaba.

Sai aka yi shela cewa gwamnati ta saki tallafin tsofaffi da masu lalura, za a raba kekunan guragu da sanduna da tabarau a Birnin Kudu. Sunan Malam yana cikin takarda. Wata ma'aikaciyar lafiya ce ta kwafe shi bara daga katinsa na asibiti, kafin gara ta cinye katin. Sharaɗi ɗaya ne, a kawo mai lalurar a gan shi da ido.

Mairama ta yi masa wanka, ta sa masa rigar Sallah. Maza huɗu suka ɗora shi a bayan motar albasa. Maƙwabciyarta Kubra, wadda aure ya kawo ta garin shekara goma da suka wuce, ta ce ba za a yi wannan tafiya ba ita ba. Haka suka bi ta Gwaram suna atishawa har Birnin Kudu.

A harabar wata makaranta ake rabon, kuma ranar ce ta ƙarshe. Kekuna bakwai suka rage a jingine da bango, sababbi fil da ledarsu. Aka shimfiɗa wa Malam tabarma a gindin darbejiya, Mairama ta ajiye masa dabino kusa da hannunsa na hagu mai lafiya. Sai bayan azahar layi ya zo kansu.

Jami'in wani siririn mutum ne, Malam Kamaluddeen, gumi ya jiƙa masa hula.

"Inna, sannu da hanya. Yaya sunan Baba?"

"Malam."

"Malam wa?"

"Malam dai. Mai gidan."

Kubra ta cusa kai. "Ɗan'azumi ne, ɗan nan. Duk Maruta an san shi."

Kamaluddeen ya bi takarda da biro sama da ƙasa. "Babu Ɗan'azumi a nan. Wannan ai laƙabi ne. Sunan yanka nake so."

Mairama ta sunkuyar da kai. Shekara hamsin da biyu tana gidan mutumin nan, sunansa na yanka bai taɓa fita daga bakinta ba. Uwarta ba ta faɗi na ubanta ba, kakarta ma haka. Ranar ɗaurin aure ta ji sunan ta bayan zana, ta haɗiye shi, yana nan inda ta ajiye. Sa'anninsa da suka san sunan duk sun riga mu gidan gaskiya.

"Ban iya faɗa ba," in ji ta.

"Kin manta ne?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Kai a gidanku haka matarka take kwaɗa maka kira?"

"Wallahi Inna, har da 'kai' take haɗawa."

"To Allah ya shirye ta."

Kubra ta ciro waya ta kira ɗan farin Mairama da ke aikin gadi a Fatakwal. A kashe. Ta sake kira. A kashe.

Kamaluddeen ya ce abin ba wuya. Maza tara ne daga Maruta ba su karɓa ba, zai karanto wa Baba, inda ya amsa shi ke nan. Ya durƙusa gaban tabarma.

"Ashiru Buba?"

"To."

"Alhamdu lillahi, tun a na farko!" Har ya ɗaga biro.

Kubra ta ce, "Karanto na biyu tukuna."

Ya karanto. To. Na uku, to. Ya gwada "Hafsat," don ya gani. Malam ya ce to, ya jefa dabino a baki.

Mutanen layi suka fara matsowa. Wata tsohuwa daga garin Sara da ta samu tabarau ta zo tana leƙen kowa da sabon idonta. Ita ce ta kawo dabara.

"Kai yaro, ba ka san mata ba. Karanto a gabanta kana kallon fuskarta. Inda ta rufe fuska, nan ne."

Aka yi haka. Ashiru ya wuce lafiya. Da ya ce "Iliyasu," Mairama ta ja mayafi ta rufe fuska ruf.

"Mun samu!"

"Ba shi ba ne," in ji ta daga cikin mayafi. "Sunan surukina ne, Allah ya jiƙansa."

Ya ci gaba. Da ya zo "Musbahu," ta sake rufewa.

"Wannan kuma fa?"

Kubra ta tuntsire da dariya. "Ɗan farinta ne! Shi ma ba ta faɗa. 'Wancan yaron' take ce masa, ga shi da furfura."

Kamaluddeen ya cire hula ya fifita kansa da ita. "Inna, don Allah, maza nawa ne a duniyar nan kike iya kiran sunansu?"

"Akwai Kamaluddeen," in ji ta. "Shi kam ba kunya tsakanina da shi."

Layi ya ɗauki shewa. Ana cikin haka aka tura kekuna biyu suka fita, Mairama tana binsu da ido ta gefen mayafi. Saura biyar, daga baya huɗu.

A suna na takwas Kamaluddeen ya ce, "Badaru Iliyasu." Wannan karon ba fuska kaɗai ta rufe ba, juya baya ta yi gaba ɗaya tana kallon bangon aji. Ba wanda ya tambaye ta. Tsohuwar Sara ta ce, "Rubuta, yaro."

Kubra ta dubi Malam ta riƙe haɓa. "Badaru! Shekara goma ina kawo maka kunu, ashe Badaru ne kai."

Mairama ta sauke ajiyar zuciya, ta fara shirin tafiya. Sai ta ga Kamaluddeen ya ciro waya ya saita.

"Saura abu ɗaya. A wani rabon an samu masu karɓa da sunan wasu su kai kasuwa, shi ya sa yanzu sai da hoto mai motsi. Ko dai in kira sunan, Baba ya ɗaga hannu, ko kuma wadda ta kawo shi ta ce, 'Ni wance, na karɓa a madadin mijina wane.' Ɗaya cikin biyu. Ba ni na kafa ba, Inna."

"Ai da sauƙi," in ji Mairama. "Hannun hagunsa lafiya lau. Malam, in ya kira ka ɗaga."

"Badaru Iliyasu!"

Hannun bai motsa ba. Hannun da tun safe yake kai dabino baki, yake korar ƙuda. Aka sake kira. Malam ya ja hannun a hankali, ya tura shi cikin aljihun rigar Sallah, ya bar shi can.

"Ko ya gaji ne?" in ji Kubra.

Mairama ta durƙusa ta dube shi sosai. Idonsa na hagu yana ƙyalli, gefen bakinsa mai lafiya yana rawa. Ta san wannan fuskar. Ita ce fuskar da yake yi tun suna da ƙuruciya, in ya ɓoye mata muciya a rufin ɗaki ya zauna yana kallonta tana nema.

"Malam," ta ce ƙasa-ƙasa, "da gangan kake yi."

"To."

"A gaban mutanen Sara da na Fagam? Ka ji tsoron Allah. Fito da hannun nan."

Ya lumshe ido kamar mai barci.

Keke ya sake fita. Saura uku, ga mutum biyar a bayansu, wani ma a kan jaki aka kawo shi. Kamaluddeen ya dubi agogo. Mairama ta tuna bangon ɗakin nan da yake juya wa fuska. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta dubi wayar kamar mai shirin shan maɗaci.

"Ni Mairama, na karɓa a madadin mijina..." Sauran ya maƙale. Leɓɓanta suka motsa, ko Kubra da ke jikinta ba ta ji ba.

"Inna, wayar ba ta ɗauka ba."

"Wayarka ce kurma."

"Sau ɗaya dai, da ɗan ƙarfi."

Ta rufe ido. "Badaru! Badaru Iliyasu! Kun ji? Ko in hau bishiya in faɗa?"

Sai ga hannun ya fito daga aljihu, ya tashi sama ƙiƙam. Malam yana dariya da rabin baki, kafaɗarsa tana girgiza, hawaye yana gangarowa cikin gemunsa. Shekara uku ba ta ji wannan dariyar ba. Matan layi suka rangaɗa guɗa, tsohuwar Sara ta cire tabarau ta goge da bakin zane.

Aka yage ledar keken, aka ɗaga Malam aka zaunar. A hanyar komawa Mairama ba ta ce masa uffan ba. Kwana biyu tana ajiye masa tuwo ba magana, in Kubra ta leƙo ta ce, "Ina kwana, matar Badaru," sai ta bi ta da tsintsiya.

Ranar Juma'a ta tura shi har bakin zaure, maza suka karɓe shi daga nan. Ta tsaya tana kallon bayan keken yana tsalle a kan kwalbatin ƙofar gida, Malam yana ɗaga wa masu shago hannu kamar ɗan takara. An ce a ƙarshen sahun gaba aka ajiye shi, kusa da taga.

Juma'a talatin da ɗaya ya samu a kan keken nan. Ana saura kwana kaɗan ruwan farko ya sauka, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.